Ko Mai Tsoron Allah Zai Iya Zama Lauya?

A cikin sana'o'in da iyaye suke yi wa 'ya'yansu fata, da wuya a sami wadda ake sha'awarta ana kuma zarginta a lokaci guda kamar aikin lauya. Uba yakan yi alfahari ran da ɗansa ya sa baƙar riga da farar hular gashi, amma shi wannan uban ne zai ce maka a wata hirar da ƙyar lauya zai shiga Mulkin Sama. Harshenmu ma ya ƙara wa zargin ƙarfi, gama sunan da muka aro daga Turanci ya zo daidai da kalmarmu ta lauya abu, watau lanƙwasa shi, har mutane suka ɗauka aikin ke nan: a lauya magana, fari ya koma baƙi. Mu da muke karatun shari'a, muke kuma zama a benci ɗaya da ku ran Lahadi, ba mu da hanyar kauce wa wannan tambaya, domin ta shafi ranmu kafin ta shafi abincinmu.

Zargin kashi uku ne. Na fari, ana cewa lauya yana tsaya wa mai laifi saboda kuɗi. Na biyu, ana cewa doka kanta sanda ce a hannun mai ƙarfi. Na uku, ana cewa kotu ta zama filin 'yan siyasa, talaka kuwa rabonsa jira. Kowane ɗaya yana da gaskiya a cikinsa, ba kuwa za mu ɓoye ta ba. Duk da haka mun gamsu cewa ƙa'idodin shari'a, da dukan jinkirinsu, su ne katangar da ta rage wa marar ƙarfi, katanga kuwa tana bukatar masu tsaro masu lamiri.

Abin da ake koya mana

A Nijeriya, wanda yake so ya zama lauya yakan yi shekara biyar a jami'a, sa'an nan ya yi shekara ɗaya a Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda aka kafa a Legas a 1962. Hedkwatarta tana Bwari kusa da Abuja, tana da rassa a wurare kamar Bagauda ta Jihar Kano da Yola da Inugu. A can ake koyon aikin hannu: yadda ake rubuta takardar ƙara, yadda ake yi wa mai ba da shaida tambayoyi, yadda ake tsayawa gaban alƙali. Akan tura ɗalibi ya zauna a kotu da ofishin lauyoyi na wasu makonni domin ya gani da idonsa. Cin jarrabawa kaɗai ba ya isa a ba mutum izinin aiki, sai majalisar manyan lauyoyi da alƙalai ta gamsu cewa halinsa ya dace. Tun daga ƙofa, ke nan, sana'ar ta yarda cewa ilimi ba tare da hali ba haɗari ne.

Darasin da ya fi kowane wuyar haɗiyewa a shekarun nan shida shi ne bambancin da ke tsakanin abin da ya faru da abin da aka tabbatar. Alƙali ba ya nan sa'ad da aka yi satar. Bai ga wanda ya fara ɗaga hannu ba. Allah ne kaɗai yake ganin zuciya, alƙali kuwa mutum ne, abin da aka shimfiɗa a gabansa kaɗai yake gani. Saboda haka aka gindaya ƙa'idodi: mai zargi shi zai kawo hujja, dole a ji ta bakin ɓangare biyu, ba mai zama alƙali a shari'ar da yake da rabo a ciki, ji-ta-ji-ta ba shaida ba ce. Bahaushe ya ce shari'a saɓanin hankali, lalle kuwa wanda ya san a ransa an cuce shi, ya kuma ga kotu ta sallami macucin don rashin hujja, zai ji kamar hankali ya juya. Amma in muka duba da kyau, waɗannan ƙa'idodi tawali'u ne da aka mai da shi doka. Ɗan Adam ne yake furta cewa yana iya kuskure, don haka ya ɗaure hannun kansa kafin ya taɓa ran ɗan'uwansa ko 'yancinsa.

Don me ake tsaya wa wanda ake tuhuma?

Masu karanta Littafi Mai Tsarki sun san labarin Susana a sura ta 13 ta Littafin Daniyel. Dattawa biyu, alƙalai ma a cikin jama'arsu, suka ƙulla mata sharri. Taro ya gaskata su saboda furfurarsu da matsayinsu, aka yanke mata hukuncin kisa. Saurayi Daniyel bai yi wata mu'ujiza ba. Ya nemi a koma wurin shari'a, ya raba shaidun biyu, ya tambayi kowannensu a ƙarƙashin wane itace ya ga abin da ya ce ya gani, amsoshinsu suka saɓa. Abin da ya yi shi ne ainihin abin da ake koya mana da sunan yi wa shaida tambayoyi. A gwada wannan da labarin Nabot a sura ta 21 ta Littafin Sarakuna na Fari. A can ma an kira taro, an kawo shaidu biyu kamar yadda doka ta nema, amma ba a sami ko mutum ɗaya da zai tashi ya yi tambaya ba. Aka jajjefe Nabot, sarki ya karɓi gonar inabi. Bambancin Susana da Nabot shi ne ita ta sami mai tsaya mata.

Wannan ne dalilin da ya sa sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗauki duk wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa, ya ba shi ikon kare kansa ko ɗaukar lauyan da yake so, ya kuma ba shi tafinta kyauta in ba ya jin harshen kotu. Ranar da aka fara shari'a ba wanda ya san ko Susana ce a tsaye ko kuwa ɓarawo na gaske. Da lauyoyi za su ƙi duk wanda gari ya riga ya tsana, da hukunci ya koma hannun masu baza magana.

Amma akwai iyaka, a nan ne kuwa lamiri yake shigowa. Ƙa'idodin aikin lauya sun yarda ya kare mutum kome ra'ayinsa game da laifin, sun kuma hana shi yaudarar kotu. Ba shi da izinin kawo shaidar da ya san ƙarya ce, ko ya koya wa mai ba da shaida abin da zai faɗa, ko ya ɓoye wa alƙali hukuncin wata babbar kotu don bai yi masa daɗi ba. In wanda yake karewa ya faɗa masa a asirce cewa shi ya aikata, lauya yana iya neman masu ƙara su tabbatar da zarginsu bisa doka, yana iya roƙon sassauci, amma ba ya iya tsayawa ya ƙirƙiro labarin cewa mutumin yana wani gari a ranar. Haka nan mai gabatar da ƙara, aikinsa shi ne ya ga an yi adalci, ko da adalcin zai kai ga sakin wanda ya gurfanar. Mai laifi ma mutum ne. Yana da hakkin kada a hukunta shi fiye da laifinsa, kada kuma a ciro magana daga bakinsa da duka, abin da dokar hana azabtarwa ta 2017 ta mai da shi laifi. Lauyan da ya ƙetare waɗannan iyakoki ya ci amanar sana'arsa tun kafin a zo ga dokar Allah wadda ta hana shaidar zur.

Sa'ad da doka kanta ta karkace

Zargi na biyu ya fi nauyi, tarihin ƙasarmu kuwa yana ba shi hujja. A 1984 gwamnatin soja ta kafa Doka ta 2 wadda ta ba da ikon tsare mutum ba tare da shari'a ba, ta kuma hana kotu tambaya. Ta kafa Doka ta 4 wadda a ƙarƙashinta aka ɗaure 'yan jarida biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor. Ta kafa Doka ta 20 wadda aka mai da aikinta baya, har a watan Afrilu na 1985 aka harbe mutum uku a Legas saboda laifin miyagun ƙwayoyi wanda a lokacin da aƙalla ɗayansu ya aikata shi hukuncinsa ba kisa ba ne. Ran 10 ga Nuwamba 1995 aka rataye Ken Saro-Wiwa da 'yan'uwansa takwas a Fatakwal, bayan hukuncin wata kotu ta musamman wadda ba a ɗaukaka ƙara daga gare ta zuwa kotunan ƙasa. Duk waɗannan an yi su da takarda da hatimi da sa hannu. In doka ita ce duk abin da mai iko ya rubuta, to, ba abin da za a ce.

Masana na Ikilisiya sun daɗe da ƙin wannan ra'ayi. Waliyyi Toma Akwinas ya koyar cewa doka ta gaskiya dole ta kasance bisa hankali, domin amfanin jama'a duka, daga hannun wanda aka danƙa wa kula da su, a kuma sanar da ita. Dokar da aka mai da aikinta baya ta fāɗi a sharaɗi na ƙarshe, gama ba mai iya kiyaye umarnin da ba a riga an ba shi ba. Abin lura shi ne Tsarin Mulkin 1999 ya ɗauki wannan darasi: sashe na 4 ya hana majalisa yin dokar laifi mai komawa baya, ya kuma hana ta yin dokar da za ta ƙwace wa kotu ikon sauraron ƙara. Jini da hawaye ne suka sayi waɗannan layuka.

Ya kamata kuma mu tuna cewa a kwanakin duhu ma an sami masu tsayawa, a cikin kotu suka tsaya. A 1970, a shari'ar Lakanmi, Kotun Ƙoli ta soke dokar soja da ta ƙwace dukiyar mutum ba tare da shari'a ba. Gwamnati ta mai da martani da Doka ta 28 wadda ta shafe hukuncin, amma har yau ana karanta shi a kowane ajin shari'a. A 1986, bayan da gwamnatin soja ta Jihar Legas ta fitar da Odumegwu Ojukwu daga wani gida a Ikoyi da ƙarfin bindiga alhali maganar tana gaban kotu, Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron roƙon gwamnatin, ta nuna mata cewa mai mulki ma yana ƙarƙashin doka. Da masu lamiri sun guje wa karatun shari'a, wa zai rubuta waɗannan hukunce-hukunce?

Waliyyi Toma More, lauya ne, ya kai matsayin babban jami'in shari'a na Ingila a 1529. Da Sarki Henri na Takwas ya nemi a amince shi ne shugaban Ikilisiya a ƙasarsa, More ya ajiye muƙami a 1532, ya ƙi rantsuwar da aka nema a 1534. Bai tayar da tawaye ba, bai kuma yi gaggawar neman mutuwa ba. Ya yi shiru, ya kafa hujja da cewa doka ba ta hukunta shiru, ya bi kowace ƙofa da shari'a ta bar masa a buɗe. Sai da aka kawo shaidar da ya ƙaryata a fili kafin a same shi da laifi, aka fille kansa ran 6 ga Yuli 1535. A shekara ta 2000 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ayyana shi majiɓincin masu mulki da 'yan siyasa. Darasinsa gare mu kashi biyu ne: a girmama doka har iyakarta, in kuwa ta nemi abin da yake na Allah, a tsaya, a kuma yarda da biyan farashin tsayawar.

Kotu da siyasa

Zargi na uku shi ne wanda ya fi damunmu a yau. Tun 1979, sa'ad da Kotun Ƙoli ta warware gardamar ko nawa ne kashi biyu bisa uku na jihohi 19 a shari'ar Awolowo da Shagari, zaɓe a ƙasarmu yakan fara a rumfa ya ƙare a gaban alƙalai. A 2007 kotu ta ba Rotimi Amaechi kujerar gwamnan Ribas ko da yake ba shi ne jam'iyyarsa ta tsayar a ranar zaɓe ba. A 2019 ta soke ƙuri'un jam'iyyar da ta lashe zaɓen Zamfara gaba ɗaya saboda ba ta yi zaɓen fid da gwani bisa ƙa'ida ba. Kowane hukunci yana da dalilansa na doka, masana kuma sun yi ta muhawara a kansu. Gara a kai rikicin zaɓe kotu da a kai shi titi. Amma akwai haɗari biyu. In 'yan siyasa suka ga cewa kujera tana fitowa daga kotu, za su nemi mallakar kotu. In talaka ya ga ƙuri'arsa ba ita ce magana ta ƙarshe ba, zai daina fitowa.

Akwai kuma wani abin da ya kamata ya hana mu barci. Tsarin Mulki ya ba kotun sauraron ƙarar zaɓe kwana 180 ta yanke hukunci, ya ba kotun ɗaukaka ƙara kwana 60. Ɗan siyasa ya san ranar da shari'arsa za ta ƙare. Mutumin da ake zargi da satar akuya ba shi da irin wannan rana. Kusan biyu bisa uku na waɗanda suke gidajen yari a Nijeriya ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi, wasunsu sun zauna fiye da abin da za a ɗaure su da an same su da laifi. Fayil ya ɓata, mai bincike an yi masa canjin wurin aiki, ba motar kai fursuna kotu, an ɗage, an sake ɗagewa. Ƙasar da ta iya sa wa'adi ga shari'ar masu neman mulki ta nuna cewa abin mai yiwuwa ne, saura niyya.

Duk da haka, kada ɓacin rai ya kai mu ga abin da ya fi muni. Inda mutane suka yanke ƙauna daga kotu, taron jama'a ne yake zama alƙali, shi kuwa taro ba ya tambaya, ba a kuma ɗaukaka ƙara daga hukuncinsa. Mun ga haka a Aluu a 2012, inda aka kashe ɗalibai huɗu bisa zargin sata. Mun gani a Sakkwato a 2022, inda aka kashe ɗaliba bisa zargin saɓo. Mun gani a Uromi a watan Maris na 2025, inda aka kashe matafiya 16 masu komawa Arewa bisa zargin garkuwa da mutane. Kudu da Arewa, Kirista da Musulmi, duk sun ɗanɗana. Wanda ya yi ihun a kashe yau, gobe yana iya zama baƙo a garin da ba wanda ya san shi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Rabon kowa

Adalci ba kayan lauyoyi kaɗai ba ne. Shari'a takan lalace tun kafin ta kai gaban alƙali, a hannun mutane irinmu. Wanda ya ga abin da ya faru ya ce ba ruwansa, ya bar marar laifi a hannun maƙaryata. Wanda ya kai abokin bashinsa ofishin 'yan sanda da zargin sata don a tsorata shi, ya mai da hukuma sandarsa. Wanda ya nemi a kai wa alƙali ko magatakarda wani abu a ɓoye ba shi da bakin kukan cewa kotu ta lalace. Wanda ya je wurin lauya yana neman a gyara masa ƙarya, shi ne yake haifar da irin lauyan da yake zagi.

Akwai kuma abubuwan da ya kamata kowane gida ya sani. Tsarin Mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu, ban da masu manyan laifuffukan da hukuncinsu kisa ne. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015, wadda jihohi suka yi irin tata, ta hana kama uba ko mata ko ɗan'uwa a madadin wanda ake nema, ta kuma tabbatar cewa mace tana iya tsayawa beli. Tun 1976 akwai hukumar gwamnati mai ba marasa hali lauya kyauta, kwamitocin Adalci da Zaman Lafiya na dayosis-dayosis kuma suna taimakawa. Ziyarar ɗaurarru tana cikin ayyukan jinƙai da aka umarce mu. In muka je, kada mu tsaya ga sabulu da abinci. Mu tambayi sunan mutum, da kotun da shari'arsa take, da ranar da aka kai shi ta ƙarshe. Sau da yawa wannan tambaya kaɗai takan tono fayil ɗin da ya yi shekaru a ƙasan tari.

Mu kuma da muke shirin sa baƙar riga, muna da abin koyi a Waliyyi Ivo na ƙasar Faransa, wanda ya rasu a 1303. Ya karanci shari'a, ya yi alƙalanci, ya ƙi karɓar toshiya, ya tsaya wa gwauraye da marayu ba tare da lada ba, ya kuma fi son sulhunta masu gardama kafin su ƙarar da dukiyarsu a kotu. Shi ne majiɓincin lauyoyi. Rayuwarsa ta amsa tambayar da muka fara da ita: mai tsoron Allah yana iya zama lauya, ƙasar da kotunanta suke nishi kuwa ba ta da bukatar da ta fi wannan. Sharaɗin shi ne ya shiga da sanin cewa wata rana gaskiya za ta sa ya rasa kuɗi, ko aboki, ko muƙami, ya kuma yanke shawara tun yanzu abin da zai zaɓa a ranar.

Saboda haka muna roƙonku, iyayenmu da 'yan'uwanmu, kada ku hana 'ya'yanku masu gaskiya wannan karatu don tsoron kada su lalace, gama in suka janye, wurin ba zai zauna wofi ba. Ku sa alƙalai da lauyoyi da 'yan sanda da ɗaurarru cikin addu'o'inku. Ubangiji, Mai Shari'a na gaskiya, wanda shi kansa ya tsaya gaban Bilatus ba mai kare shi, ya ba mu zuciyar da ba ta sayuwa, ya kuma ba ƙasarmu adalci da salama. Amin.